Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Haɗin Gwiwa da Renon Ƙananan Masana a Binciken Dajin Kai da Wuya

Gabatarwa

Masu hikimar magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da wuya a sami wani fage na ilmin zamani wanda ya gaskata wannan zance kamar fagen binciken ciwon dajin kai da wuya. Abin da likitoci ke nufi da wannan suna shi ne dangogin ciwon daji, watau sankara, waɗanda kan tsiro a leɓe ko harshe ko dasashi ko ganɗa, da waɗanda kan ɓuya a kogon hanci da lungun da ke bayansa, da kuma na maƙogwaro da akwatin murya. Ƙididdigar shekarar 2018 ta nuna cewa a wannan shekara kaɗai mutane kimanin 890,000 suka kamu da irin wannan ciwo a duniya, kimanin 450,000 kuma suka rasu a sanadiyyarsa. Manyan abubuwan da aka tabbatar suna jawo shi su ne taba, ko ta zuƙa ko ta taunawa, da barasa, da wani ɗan itace mai kama da goro wanda ake taunawa a Indiya da maƙwabtanta, sai kuma waɗansu ƙwayoyin cuta guda biyu da labarinsu zai zo nan gaba.

Ciwo ne mai cin mutunci, domin kuwa yakan sauka ne a daidai inda ɗan Adam ke numfashi, yake haɗiyar abinci, yake magana, kuma a kan fuskar da yake shiga jama'a da ita. Saboda haka likita ɗaya ba ya iya masa. Sai an haɗa likitan fiɗa na kunne da hanci da maƙogwaro, da likitan haƙori da muƙamuƙi, da masanin da ke duba tsoka a ƙarƙashin madubi, da mai gasa ciwon da na'ura, da mai ba da maganin ƙarin ruwa, da kuma wanda zai sake koya wa majinyaci haɗiya da magana bayan an gama aiki.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne cewa abin da ya wajaba a wajen jinya ya fi wajaba a wajen bincike, kuma haɗin gwiwar masana ba ya ɗorewa sai an sa yara masu tasowa a cikinsa, an ba su aiki na gaske da guzuri da suna. Tarihin wannan fage shi ne babban shaida, kuma wani muhimmin sashe na tarihin a nahiyar Afirka ya faru.

Kumburin Muƙamuƙi a Kampala

A shekarar 1957, a asibitin Mulago da ke Kampala ta ƙasar Yuganda, wani likita mai suna Hugh Trowell ya kira abokin aikinsa Denis Burkitt, likitan fiɗa ɗan asalin Ailan, ya zo ya duba wani yaro ɗan shekara 5 wanda muƙamuƙansa suka kumbura sama da ƙasa, dama da hagu. Bayan 'yan makonni Burkitt ya sake ganin irin wannan kumburi a jikin wani yaro a garin Jinja. Sai ya koma ga tsofaffin takardun asibiti ya yi ta tono, har a 1958 ya buga bayanin yara 38 masu wannan ciwo. Ba a kula da takardar sosai ba, sai a 1961 da ya haɗa kai da masanin duba tsoka Gregory O'Conor, suka nuna cewa ciwon nau'i ne na dajin kaluluwa. A yau likitoci suna lissafa shi a cikin dangin dajin jini da kaluluwa, amma a muƙamuƙi ya fara bayyana kansa, kuma ta ƙofarsa aka shiga aka gano abubuwa da dama game da dajin kai da wuya.

Abin lura shi ne yadda Burkitt ya yi aikinsa. Ba shi da ɗakin gwaji, kuma ba a horar da shi a kan bincike ba. Da tallafin da bai wuce fam 25 ba ya buga takardu kimanin 1,000 masu ɗauke da hoton ciwon, ya aika wa asibitocin gwamnati da na mishan a faɗin Afirka yana tambaya ko sun taɓa ganin irinsa. Daga nan, a ƙarshen 1961, shi da waɗansu likitoci biyu, Ted Williams da Cliff Nelson, suka shiga wata tsohuwar mota suka yi tafiyar mil 10,000 a cikin mako 10, suka ziyarci asibitoci fiye da 50 a gabashi da kudancin nahiyar. Taswirar da ta fito daga wannan aiki ta nuna cewa ciwon yana ƙaranci a kan tuddai masu sanyi da kuma wuraren da ruwan sama bai kai inci 20 a shekara ba. Masana ƙwari da ke Entebbe suka dubi taswirar suka ce ta yi kama da ta yaɗuwar sauro da danginsa, daga baya kuwa aka tabbatar cewa zazzaɓin cizon sauro yana da hannu a cikin lamarin.

Ashe ke nan taswirar aikin ɗaruruwan likitocin karkara ce, waɗanda kowannensu ya ga yaro ɗaya ko biyu. Da kowa ya riƙe nasa a aljihu, da ba abin da za a gani. Har wa yau akwai darasi na biyu wanda ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. A wancan zamani labarin da aka samu daga Kano shi ne ciwon ba shi da yawa in an kwatanta da kudancin Nijeriya. Amma da asibitocin koyarwa na Arewa suka kafu, suka fara tattara nasu bayanai, sai ya bayyana cewa yana cikin manyan cututtukan daji na yara a nan ma. Taswira ba ta wuce ingancin rajistar da aka zana ta da ita.

Ɗalibar da Sunanta Ya Hau Kan Ƙwayar Cuta

Ranar 22 ga Maris 1961 Burkitt ya yi lacca a asibitin Middlesex da ke Landan. A cikin masu sauraro akwai Anthony Epstein, masanin ƙwayoyin cuta irin na bairus, watau waɗanda ƙanƙantarsu ta wuce madubin likita na yau da kullum ya hango su. Da ya ji an ce zafi da ruwan sama ne ke shata wa wannan daji iyaka, sai zuciyarsa ta ba shi cewa lalle akwai bairus a cikinsa. Suka ƙulla alkawari, Burkitt ya riƙa aiko masa da yankan tsoka daga Kampala ta jirgin sama. Kusan shekara uku ana wannan aike ba a ga kome ba.

Wani tallafi da Epstein ya samu daga cibiyar binciken daji ta Amurka shi ya ba shi ikon ɗaukar mataimaka biyu: Bert Achong, ɗan ƙasar Tirinidad, da Yvonne Barr, 'yar Ailan, wadda ke karatun digirin dakta. Aikin Barr shi ne renon ƙwayoyin tsokar a cikin kwalabe, aiki mai bukatar haƙuri da tsabtar hannu. A watan Disamba 1963 hazo ya tilasta wa jirgin da ke ɗauke da wani yankan tsoka ya sauka a Manchesta, saƙon ya iso a makare, ruwan da ke cikin kwalbar ya yi duhu kamar ya lalace. Da aka duba a madubi sai aka ga ashe ƙwayoyin dajin ne suka warware suna yawo a cikin ruwan, kuma da ransu. Daga nan aka gane yadda za a rene su. A watan Fabrairu 1964 aka hango bairus ɗin a babban madubi mai aiki da lantarki, ranar 28 ga Maris kuma mujallar Lancet ta buga labarin da sunayen mutum uku: Epstein da Achong da Barr. Wannan shi ne bairus na farko da aka danganta da ciwon daji a jikin ɗan Adam, kuma har yau ana kiransa bairus ɗin Epstein-Barr.

Babu shakka abin yabo ne a ce sunan ɗaliba ya hau kan irin wannan gano. Sai dai labarin yana da wani gefe. Barr ta karɓi digirinta a 1966, ta koma Ostireliya da zama, ta yi mafi yawan rayuwar aikinta tana koyarwa a makarantun sakandare, ta rasu a 2016. Koyarwa aiki ne mai daraja, amma fagen bincike ya rasa hannun da ya riga ya ƙware. Wannan ya nuna cewa suna kaɗai ba ya riƙe ƙaramin masani. Yana bukatar matakala ta gaba wadda zai taka bayan ya gama digiri.

Silsilar Malami da Almajiri

Epstein bai ɓoye ƙwayoyinsa ba. Ya aika wa Werner Henle da matarsa Gertrude a Filadelfiya ta Amurka, su kuwa suka ƙirƙiro hanyar gwada jini don gano wanda ya taɓa ɗaukar bairus ɗin, suka ga cewa mafi yawan manyan mutane a duniya suna ɗauke da shi ba tare da wata illa ba. A 1966 Lloyd Old da abokan aikinsa a New York suka lura cewa jinin masu dajin lungun bayan hanci cike yake da alamun wannan bairus. A ɗakin gwajin su Henle akwai wani matashin likita Bajamushe mai suna Harald zur Hausen, wanda ya zauna tare da su daga 1966 zuwa 1969. Da ya koma gida, a 1970 shi da abokan aikinsa suka nuna cewa bairus ɗin yana zaune a cikin tsokar dajin bayan hanci ita kanta. Ta haka kumburin muƙamuƙin yaran Yuganda ya buɗe sirrin wani ciwo da ya addabi kudancin Sin da arewacin Afirka, wanda kuma yake cikin dajin kai da wuya da aka fi gani a asibitocin Nijeriya.

Wannan almajiri na su Henle shi ne daga baya, a 1983, ya jagoranci gano nau'i na 16 na bairus ɗin HPV a cikin dajin bakin mahaifa, aikin da ya jawo masa kyautar Nobel a 2008. Silsilar ba ta tsaya nan ba. A jami'ar Johns Hopkins, wata matashiyar likita mai suna Maura Gillison, tana cikin karatun digirin dakta, ta haɗa kai da tsohon masanin bairus Keerti Shah, suka duba tsokar majinyata 253 masu dajin kai da wuya. A shekarar 2000 suka bayyana cewa kashi ɗaya cikin huɗu na ɗauke da HPV, galibi a dajin ƙarshen harshe da 'yan wuya, kuma masu irin wannan sun fi saura samun sauƙi. Wannan bincike ya sauya yadda ake rarraba dajin maƙogwaro a duniya, ya kuma ƙara wa allurar rigakafin HPV daraja, allurar da Nijeriya ta shigar cikin rigakafin yau da kullum na 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoba 2023.

Duk wanda ya bi wannan silsila daga Kampala zuwa Landan, zuwa Filadelfiya, zuwa Jamus, zai ga abu ɗaya yana maimaituwa: babba yana da tambaya da kayan aiki, ƙarami yana da lokaci da naci, kuma babban ya yarda ya sakar wa ƙaramin aikin.

Amfanin Haɗa Lissafi

Akwai tambayoyin da asibiti ɗaya ba zai taɓa iya amsa su ba, kome girmansa. Shekaru da dama likitoci suna jayayya a kan ko haɗa maganin ƙarin ruwa da gashi ko fiɗa yana ƙara wa mai dajin kai da wuya kwana. An yi gwaje-gwaje barkatai, wannan ya ce e, wancan ya ce a'a, domin kowanne majinyatansa kaɗan ne. Sai wata ƙungiyar masana ƙarƙashin Jean-Pierre Pignon na cibiyar Gustave Roussy a Faransa ta roƙi masu gwaje-gwajen su ba da ainihin bayanan kowane majinyaci. Aka haɗa gwaji 63 masu ɗauke da mutane fiye da 10,000, aka buga sakamakon a shekarar 2000. Ya nuna cewa a cikin kowane mutum 100 ana samun ƙarin mutum 4 da ke raye bayan shekara 5, kuma amfanin ya fi yawa idan an ba da maganin a lokaci ɗaya da gashin. Ribar ba ta da girman da ido zai gan ta a ɗakin jinya guda, amma idan aka auna ta da dubban ɗaruruwan masu ciwon, rayuka ne masu yawa.

Misali na biyu ya fi kusa da halin ƙasashe matalauta. A jihar Kerala ta Indiya, daga 1996, aka horar da ma'aikatan lafiya waɗanda ba likitoci ba, suka riƙa bi gida gida suna duba bakin mutane da fitila. Aikin haɗin gwiwa ne tsakanin cibiyar daji ta Trivandrum da hukumar binciken daji ta duniya da ke Lyon. Sakamakon da aka buga a 2005 ya nuna cewa mutuwa ta dalilin dajin baki ta ragu da kimanin kashi ɗaya cikin uku a tsakanin masu amfani da taba ko barasa. Ba wata na'ura mai tsada da aka yi amfani da ita, illa ido da fitila da rajista mai kyau.

Rabon Afirka

Nijeriya ba 'yar kallo ba ce a wannan tarihi. An kafa rajistar ciwon daji ta Ibadan a 1960, tana cikin tsofaffi a nahiyar. A can ne R. J. V. Pulvertaft ya yi nasarar renon ƙwayoyin dajin Burkitt daga jikin wani yaro ɗan shekara 11 a 1963, kuma jikokin waɗannan ƙwayoyi suna nan ana aiki da su a ɗakunan gwaji a duniya har yau. A can ne kuma Victor Anomah Ngu, likitan fiɗa ɗan Kamaru, ya yi aikin warkar da wannan ciwo da magani, wanda ya sa a 1972 ya shiga cikin waɗanda aka ba kyautar Lasker tare da Burkitt. Amma tilas mai tunani ya yi tambaya: tsokar da ta fita daga Ibadan da Kampala da Nairobi ta gina sunaye da ɗakunan gwaji nawa a Turai da Amurka, kuma nawa ta gina a inda aka yanko ta? Haɗin gwiwar da ɗaya ke kawo tsoka, ɗaya ke kwashe ilmi, rabon kura ne.

Yuganda ta nuna maganin wannan. A 1967 aka buɗe cibiyar jinyar dajin kaluluwa a Kampala da taimakon Amurka, aka ɗora wani matashin likita, John Ziegler, a kanta. Tun da wuri suka jawo wani ɗan ƙasa mai suna Charles Olweny suka horar da shi. Da mulkin Idi Amin ya sa baƙi suka watse a farkon shekarun 1970, Olweny ne ya karɓi cibiyar ya riƙe ta kimanin shekara 10 a cikin mawuyacin hali. Cibiyar tana nan har yau da sunan Cibiyar Daji ta Yuganda. Da ba a reni magaji ba, da ta mutu ranar da baƙon ƙarshe ya hau jirgi.

A wannan zamani kuma, jami'ar Cape Town ƙarƙashin Johan Fagan ta riƙa ɗaukar likitocin Afirka ɗaya bayan ɗaya tana ba su horon shekara guda a kan fiɗar kai da wuya, suna komawa ƙasashensu, irin su Kenya da Yuganda da Ghana da Malawi da Nijeriya. Waɗannan almajirai su ne ƙashin bayan ƙungiyar likitocin kai da wuya ta Afirka da aka kafa a 2016, wadda ta tsara ƙa'idojin jinya da suka yi la'akari da abin da asibiti yake da shi da abin da ba shi da shi.

Abin da Ya Kamata a Yi a Arewa

Rahotannin da ke fitowa daga asibitocin koyarwa na Arewa sun yi ittifaƙi a kan abu ɗaya: mafi yawan masu wannan ciwo ba sa isowa sai ya riga ya yi nisa. Sai dai galibin rahotannin na asibiti ɗaiɗai ne, an tono su daga tsofaffin fayiloli, kowa da irin tambayoyinsa, ta yadda ba a iya haɗa na Zariya da na Sakkwato a fitar da magana ɗaya. Alhali kuwa kowane likita mai neman ƙwarewa dole ne ya rubuta kundin bincike kafin ya kammala, kuma sau da yawa da kuɗin aljihunsa yake yi, a tsakanin kwanan asibiti da ɗakin fiɗa. Ƙarfi ne mai yawa yake tsiyayewa a banza.

Mataki na farko shi ne sassan kunne da hanci da maƙogwaro na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos da Gwambe, tare da cibiyar kula da kunne ta ƙasa da ke Kaduna, su yarda da takarda guda wadda za a cika wa kowane majinyaci tun ranar da ya zo: inda ciwon yake, matakin da ya kai, tsawon lokacin da ya ɗauka kafin zuwa, wuraren da ya fara zuwa neman magani, abin da aka yi masa, da halin da yake ciki bayan shekara ɗaya da biyu. A damƙa riƙon wannan rajista ga ƙananan likitoci, kowa ya ciri kundinsa daga rumbun da aka tara tare.

Na biyu, hukumomin da ke ba da kuɗin bincike, irin su TETFund da cibiyar binciken daji ta ƙasa, su keɓe wani kaso na ƙananan tallafi wanda ba mai neman sa sai wanda bai wuce shekara 5 da ƙwarewa ba. In an haɗa ɗan koyo da farfesa a gasa ɗaya, an san wanda zai ci. A haɗa tallafin da yini guda a mako wanda asibiti zai sauke masa aiki, domin kuɗi ba ya sayen lokacin da babu shi.

Na uku, a rubuta ƙa'idar suna tun kafin a fara aiki. Wanda ya yi wahalar aikin shi ne sunansa zai zo farko, kuma duk tsokar da za a fitar waje, a tafi da ita tare da yaron da zai koyi yadda ake gwada ta. Na huɗu, a riƙa zaman shawara ta intanet sau ɗaya a wata, inda likitan babban asibitin jiha zai gabatar da majinyacinsa ga ƙwararru. Kuma tun da majinyata daga Maraɗi da Damagaram sukan tsallako neman magani, ya dace a gayyato likitocin Nijar cikin zaman.

Masu Ja da Wannan Ra'ayi

Wani zai ce ƙasar da na'urorin gashinta ba su wadaci majinyata ba, ina ita ina bincike? A sayi na'ura tukuna. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin majinyacin yau ba zai jira sakamakon shekara 5 ba. Amma wanda bai san yawan masu ciwo da irin ciwonsu da garuruwan da suke fitowa ba, ta yaya zai san inda zai kafa na'urar, ko ya gamsar da mai rabon kasafi? Daɗin daɗawa, fam 25 na Burkitt da fitilar mutanen Kerala sun nuna cewa ba kowane bincike ne ke gogayya da kuɗin na'ura ba.

Wani kuma zai ce horar da yara asara ce, tun da suna gamawa suke ficewa zuwa Ingila ko Saudiyya. Gaskiya ne likitoci suna fita, kuma ba wanda zai ɗaure su. Sai dai wanda ke da rajistar da ya gina da hannunsa, da almajiran da ke kiransa malam, da suna a kan aikinsa, yana da abin da zai yi asara in ya tafi. Wanda ba a ba shi kome ba kuwa jakarsa kaɗai zai ɗauka. Ƙin horar da yaro don tsoron kada ya gudu daidai yake da ƙin shuka don tsoron tsuntsaye.

Ina Ruwan Ɗalibin Hausa?

Mai karatu zai iya mamakin ganin wannan zance a mujallar Sashen Hausa. To, jinkirin zuwa asibiti, wanda shi ne babban makashin masu wannan ciwo, rabinsa matsalar harshe ce da al'ada. Sananne ne a ƙasar Hausa ana cewa daji ba ya son allura, kuma kalmar daji ita kanta tana ɗaukar cututtuka da dama waɗanda likita ba zai kira su sankara ba. Kumburin wuya kuwa ana iya kiransa hangum ko maƙoƙo ko kaluluwa, ciwon maƙogwaro a ce hakin wuya ne ko belu, a nufi wurin wanzami. Likitoci sun ce disashewar murya ko gyambon baki da ya wuce mako 3 bai warke ba, ko ƙullutu a wuya, ko toshewar hanci ɗaya mai zuwa da haɓo, duk alamu ne da ya kamata a kai asibiti. Wa zai tattara sunayen da jama'a ke kiran waɗannan alamu daga Katsina zuwa Haɗeja, ya gano abin da kowane suna ke sa mutum ya aikata, ya kuma tsara saƙon da zai shiga kunne a rediyo? Wa zai mayar da takardar neman yardar majinyaci cikin Hausar da tsohuwa za ta fahimta kafin ta dangwala hannu? Aikin ɗalibin harshe da al'ada ne.

Bugu da ƙari, akwai abin da ya shafi ilmin furuci. Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma tantanin murya ne ke samar da karin. Da shi ake bambance wuya na jiki da wuya ta wahala, da shi ake bambance kai na jiki da kai na wanda ake yi wa magana. Haka nan baƙaƙe masu ƙugiya, waɗanda ke raba kafa da ƙafa, ko bari da ɓari, da motsin maƙogwaro ake furta su. Mutumin da aka cire wa akwatin murya, aka koya masa sabuwar hanyar magana, yaya zai yi da waɗannan? Ma'aunin da aka tsara don masu jin Ingilishi ba zai auna wannan ba, tun da harshensu bai dogara da su ba. Nan ga kundin digiri wanda ɗalibin furuci da ƙaramin likita za su rubuta tare, kuma ba wanda zai rubuta shi a Landan.

Kammalawa

Daga yaran Mulago zuwa rigakafin HPV shekaru ne fiye da 60, kuma a kowane zango an ga masu aiki da yawa sun haɗa abin da kowa ya gani, an kuma ga ƙarami a tsakiyar aikin. Inda aka ba shi suna da matakala, kamar zur Hausen da Olweny, ilmin ya haihu, cibiya ta rayu. Jami'o'in Arewa suna da asibitoci, suna da majinyata masu bukata, suna da matasa masu kaifin basira a sashen likitanci da na harsuna. Abin da ya rage shi ne shugabannin sassa su zauna su yarda da takarda ɗaya, su sakar wa yara riƙonta, su kuma bar musu sunansu a kai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wannan gaskiya ce game da ciwon da kuma masanin da zai yaƙe shi. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya kuma ba magabata ikon renon na baya.